Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Unguwanni da Limaman Birnin Kano Kan Karnuka da Kyanwoyin da Ba Su da Masu Su

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe iyayenmu masu unguwanni, Allah ya gafarta malamanmu limamai. Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya tare da jama'ar da Allah ya ɗora muku nauyinta, ina rubuto wannan wasiƙa ne a madadin wasu 'yan tsirarun mutane da muke aikin sa-kai a wani ɗan wurin ajiye dabbobi da ke bayan gari, inda muke tattara karnuka da kyanwoyin da aka yasar ko aka haifa a titi, mu yi musu magani, mu yi musu allurar rigakafi, sannan mu nema musu gidajen da za su ɗauke su riƙo. Ba kuɗi muka zo nema a wurinku ba. Bakinku muke nema, domin mun lura cewa a garin nan magidanci ba ya karɓar irin waɗannan dabbobi sai ya tabbata addininsa bai hana shi ba, kuma maƙwabtansa ba za su yi masa wani kallo ba, alhali kuwa waɗannan abubuwa biyu a hannunku suke.

Wurin namu kango ne da wani bawan Allah ya ba mu aro har zuwa lokacin da zai tashi gini. Akwai katanga, akwai rumfar kwano, akwai wasu kejuna na waya da muka haɗa wa karnuka, sai ɗaki guda da muka keɓe wa kyanwoyi. Masu aikin kuwa ɗalibai ne da tela da malamin firamare da wasu matan aure da ke dafo abinci daga gidajensu, sai wani likitan dabbobi da ke zuwa a ranar hutunsa ba tare da an biya shi ko sisi ba. Abincin dabbobin ragowar tuwo ne da shinkafa daga masu sayar da abinci, da ƙasusuwa da guntayen kayan ciki da wasu mahauta ke ajiye mana, da kawunan kifi. A watannin bazara, lokacin da zafi ke haura maki 40, ruwan da za su sha da wanda za a wanke kejuna a wurin 'yan garuwa muke sayensa, kuma shi ne ya fi komai cin kuɗin karo-karon da muke yi.

Mafi yawan dabbobin ba mu muke zuwa neman su ba. Da asuba mai buɗe ƙofa zai tarar da kwalin taliya an rufe bakinsa da tsumma, in ya ɗaga sai ya ga 'yan kyanwoyi huɗu ko biyar da ko ido ba su buɗe ba, jikinsu ya yi sanyi, suna wani irin kuka siriri da sai an kasa kunne ake ji. Wanda ya kawo su bai san cewa raba su da uwarsu a wannan lokaci kusan hukuncin kisa ba ne, domin ɗan kyanwa ba ya buɗe ido sai ya yi kamar mako guda zuwa kwana goma, kuma ba ya iya tsayawa da kansa sai ya kai wata biyu. Dole a sami wanda zai tafi da su gida, ya naɗe su a zani kusa da gorar ruwan ɗumi, ya riƙa ɗura musu madara da sirinji bayan kowace awa biyu zuwa uku, dare da rana, sannan ya shafa musu ciki da jiƙaƙƙen ƙyalle don su yi fitsari, kamar yadda uwar take yi da harshenta. Madarar shanu tana sa su zawo, wadda ta dace da su kuma tana da tsada. Wasu suna rayuwa, wasu ba sa kai kwana uku. Ban ga laifin mai kawo kwalin ba, domin ya fi wanda ya ɗaure su a buhu ya jefa a kwata, amma da ya bar su da uwarsu zuwa yaye, da aikin ya yi sauƙi ƙwarai.

Abin da ya tilasta mana rubutowa shi ne wurin ya cika. Irin wannan wuri zango ne, inda dabba za ta sauka ta warke ta wuce, kuma duk ranar da ya zama mazauni na dindindin to amfaninsa ya ƙare. Cinkoso shi ke kawo cuta: mura ta shiga ɗakin kyanwoyi ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙazwa da kaska su yaɗu a cikin karnuka, faɗa ya yawaita a kan abinci. Kare guda da aka ɗauka riƙo yana buɗe gurbi ga wani da mota ta buge yana kwance a bakin titi. Idan ba a ɗauka ba, mu ne za mu tsaya a bakin ƙofa mu ce wa mai tausayi ya koma da abin da ya kawo, kuma mun san inda zai ƙare.

Allah ya gafarta malamai, bari in fara da ku, ba don in koya muku abin da kuka fi ni sani ba, sai don in gaya muku abin da muke ji daga bakin mutane idan suka zo wurinmu. Kusan kowane Bakano ya san cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare, ya san ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum, ya san ana wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sa baki a ciki. Duk waɗannan sun tabbata, kuma ba mu da ja a kansu. Amma kaɗan ne suka san cewa hadisin raguwar lada da kansa ya togace karen farauta da karen kiwo da karen gona. Kaɗan ne suka san cewa a mazhabar Imam Malik, wadda a kanta aka rene mu, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma wanke ƙwaryar bin umarni ne na ibada. Yaro ya taso da rabin hukunci, sai ya ɗauka jifan kare lada ne. Wannan yaron bai taɓa jin labarin mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙo shi da baki ya hauro, ya shayar da kare mai lallagen harshe don ƙishirwa, Allah ya gode masa ya gafarta masa ba. Bai ji cewa da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amsa musu cewa akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta ba. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito wannan, kuma a littattafan da ke kan kantocinku yake.

Akwai kuma abin da masu sharhin fiƙihun Malikiyya suka kawo game da Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, wadda babu zauren karatu a Kano da ba a biya ta. An ce katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, sai ya ajiye kare don gadi, da aka tuna masa cewa Malik ya karhanta hakan sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki mai farauta zai ajiye. Na kawo wannan ne domin mai gona a Kumbotso ko Ungogo da ake sace masa kayan lambu, da mai garken awaki da ɓarayi suka dama, da mai gidan kaji, da mai sito a gefen gari, su san cewa buƙatarsu malamai sun yi magana a kanta tun ƙarnuka da suka wuce. Ba mu taɓa cewa a shigar da kare ɗaki ba, ba mu cewa a kwana da shi a gado ko a riƙa sumbatarsa kamar yadda ake gani a wasu ƙasashe, kuma duk wanda ya zo mana da niyyar ado ko burga mukan gaya masa gaskiya. Waɗannan karnuka namu na gida ne, irin masu jure zafi da yunwa, masu saurin ji da saurin haushi, kuma aikin da suka iya shi ne wanda shari'a ta yarda da shi.

Maganar kyanwa ta fi sauƙi, amma ita ma tana da nata ƙulli. An ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya kuma faɗi cewa Manzon Allah ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu. An kuma ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba. Duk da haka, baƙar mage a garin nan ba ta da mai so. A ɗakin kyanwoyinmu baƙaƙen su ne suka fi daɗewa, domin mutum zai zo ya zaɓi fara ko mai rodi-rodi, in aka nuna masa baƙa sai ya ja da baya yana ta'awizi, wai mayya ce ko aljana. Muna samun waɗanda aka watsa wa tafasasshen ruwa, da waɗanda aka karya wa ƙugu da taɓarya, saboda kawai sun yi kuka a kan katanga da dare, alhali kukan muzuru ne da mace a lokacin barbara. Wannan camfi jumla biyu daga bakin liman bayan sallar Magariba za su iya rage shi fiye da duk abin da mu za mu faɗa a shekara.

Ina so ku sani kuma cewa ba ma sayar da dabba. Mun san hanin da ya zo a kan kuɗin kare da na kyanwa, da saɓanin da malamai suka yi wajen fassara shi, sai muka zaɓi mu kauce wa wurin gaba ɗaya. Wanda ya ɗauki riƙo, in yana da hali ya ba da gudummawar kuɗin allurar da aka yi wa dabbar don a yi wa ta bayanta, in ba shi da hali ya tafi da ita haka nan.

Ranku ya daɗe masu unguwanni, na san cewa ku ta wata fuska dabam matsalar ke zuwar muku. Ku ake buga wa ƙofa idan kare ya ciji yaro a hanyar makarantar allo, ku ake kai wa ƙara idan garken karnuka ya hana mutane fita sallar Asuba ko ya kashe wa wata tsohuwa akuya. Tsoron jama'a gaskiya ne, kuma ciwon haukar kare ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunsa. Cutar kan yi wata biyu zuwa uku a ɓoye a jikin mutum, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci har shekara, kuma da zarar alamunta sun bayyana, mutum ya fara firgita da ganin ruwa, to kusan babu mai tashi. Mu da ke taɓa waɗannan dabbobi kullum mun fi kowa sanin haɗarin.

Sai dai maganin da aka saba yi, wato a zuba shinkafar ɓera ko wata guba a nama a watsa a bola, ko a tara matasa da gorori su bi karnuka lungu-lungu, ba ya kawo ƙarshen matsalar, kuma dalilin a fili yake. Abin da ke tara karnuka a unguwa abinci ne: bola, da bayan mahauta, da ragowar da ake zubarwa a kwata. Idan aka kashe na nan, abincin yana nan, cikin 'yan makonni wasu za su shigo daga wata unguwa, waɗanda ba a san halinsu ba, ba a san lafiyarsu ba. Karya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63, tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Kyanwa kuwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, ta haihu sau biyu ko uku a shekara. Babu gorar da za ta yi tsere da wannan. Guba kuma ba ta zaɓe: karen maƙwabci da aka yi wa allura shi ne zai fara ci domin ya saba karɓar abinci daga hannun mutane, kyanwar gida za ta ci, kaji za su tsattsaga, ungulu da shaho za su ci gawar, kuma bolar nan ita ce wurin da yara ke tsince-tsince. An taɓa kiran mu wata unguwa washegarin irin wannan aiki, muka tarar da karya a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ta sandare, kumfa a bakinta, 'yan kwikwiyonta suna ta tsotson nonon da babu komai a cikinsa. Mutanen da suka taru suna kallo, har da waɗanda suka ba da kuɗin gubar, babu wanda ya iya ɗaga ido.

Abin da masana suka tabbatar yana aiki shi ne rigakafi. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar ba ta samun hanyar yawo a tsakaninsu, sai ta mutu da kanta. Ba sai mun je nesa neman misali ba. A birnin Njamena na ƙasar Chadi, inda yanayi da zaman jama'a suka yi kama da namu, an yi gangamin yi wa karnuka allura kyauta a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, kuma yaɗuwar cutar a cikin karnukan birnin ta tsaya na tsawon lokaci, har sai da aka sake shigo da ita daga wajen gari. Ƙasar Meziko kuwa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ta kawar da mutuwar mutane ta hanyar haukar kare a matsayin matsalar lafiyar jama'a, bayan shekaru tana yi wa karnuka allura kyauta. Allurar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, domin cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu samar da ita, kuma muna da likitocin dabbobi da suka fito daga Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Matsalar ita ce karen da ba shi da mai shi babu wanda zai kama shi ya kai shi. Karen da ke da gida kuwa akwai wanda zai riƙe igiyarsa a yi masa allura kowace shekara. Nan ne ɗaukar riƙo ya zama maganar lafiyar unguwa baki ɗaya, har ga wanda ba ya son ganin kare ko a hoto.

Tunda ku ake fara kai wa labarin cizo, ina roƙonku ku riƙe wannan ku kuma yaɗa shi. A wanke ciwon nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a kai mutum asibiti a ranar don a fara masa allura, kada a tsaya ɗaure ciwon ko shafa masa garin magani ana jiran a ga abin da zai faru. Ko yaƙushi ne, ko na kyanwa ne, haka za a yi. Idan karen na gida ne kuma ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a kira malamin dabbobi a tsare shi a sa masa ido na kwana 10, domin abin da ya same shi a cikin kwanakin nan zai taimaka wa likita, amma kada a jinkirta allurar mutum ana jiran sakamakon.

Yanzu ga ainihin abin da muke roƙo a wurin masu unguwanni. Ba kowa muke ba dabba ba. Wanda ya zo, mukan zauna da shi mu tambaye shi me zai yi da ita, ina za ta kwana, akwai inuwa, akwai katanga ko shinge, wa zai ba ta abinci idan ya yi tafiya, matarsa ta yarda, mai gidan da yake haya ya sani. Wasu suna jin haushin tambayoyin, su ce ai taimakonmu suka zo yi. Amma muna da dalili. Akwai masu fataucin karnuka da ke bi gari-gari a Arewa har cikin Nijar suna tarawa, su loda a mota zuwa kasuwanni irin ta Dawaki da ke jihar Filato, kuma wanda ya sami lafiyayyen kare kyauta a wurinmu ya sami riba. Akwai kuma yaran da ke son kwikwiyo na mako biyu, in ya girma ya fara ci da yawa su kore shi. Mu ba mu da hanyar sanin mutum daga fuskarsa. Ku kuwa kun san kowa, kun san ubansa, kun san sana'arsa. Muna so ya zama duk mai son ɗaukar riƙo ya zo da shaidar mai unguwarsa, ko da 'yar takarda ce mai layi biyu ko kiran waya, cewa an san shi kuma an san inda zai ajiye dabbar. Wannan shaida tana da amfani na biyu da ya fi na farko: idan maƙwabta suka san da sanin mai unguwa aka kawo karen, kuma yana da katin allura, ba za a wayi gari an jefo masa guba ta kan katanga ba. In kuma mai riƙon ya saki karen yana damun mutane, akwai wanda zai kira shi ya yi masa magana, mu ma a kira mu mu karɓi abinmu.

Nauyin da ke kan mai riƙo ba shi da yawa, amma ba a sassauta shi. Ruwa mai tsabta kullum, abinci, inuwa, allurar hauka sau ɗaya a shekara, maganin tsutsar ciki da na kaska. Kada a ɗaure kare da guntuwar sarƙa a rana wuni guda da sunan a sa shi zafi, domin irin wannan karen ne ke cizon ɗan mai gida ranar da ya kwance. Kada a ba kyanwa farasitamol ko kaɗan, domin ƙwaya guda tana iya kashe ta, kuma mun ga waɗanda tausayi ya sa suka yi hakan. Kada a fesa wa dabba fiya-fiya don kashe ƙuma. Mace mai ciki ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa. Wanda kuma ke da mai asma a gida ya yi shawara da likita kafin ya ɗauka. Kyanwa tana rage ɓeraye a sito da rumbu da shago, 'yan kasuwar hatsi irin na Dawanau sun san haka tun kaka da kakanni, amma ba ta ɗauke wa kowa nauyin rufe abinci da share gida, musamman da yake ɓera ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa.

Akwai mas'ala guda da muke so malamai su zauna a kanta su ba mu amsa da murya ɗaya, ita ce ta dandaƙa da aikin hana haihuwa. Likita yana yin aikin ne bayan ya sa dabbar barci, ba ta jin komai, kuma cikin kwana goma ciwon ya warke. Mun san Risala ta ce babu laifi a dandaƙe tumaki da awaki saboda gyaran namansu, ta kuma kawo hani a kan dawaki, mun kuma san malaman wannan zamani sun yi saɓani a kan kyanwa da kare, wasu sun halatta idan yawansu ya zama cuta, wasu sun ƙi. A ganina, kuma ra'ayin ɗalibi ne a gaban malamansa, aikin rabin awa a hannun likita ya fi sauƙi a kan kwalaye da buhunan jarirai da ake jefarwa duk shekara. Amma masu ɗaukar riƙo suna tambayarmu, kuma ba mu ne ya kamata mu ba da fatawa ba.

Na san abin da wasu za su ce idan suka karanta wannan, domin an sha faɗa mana a fuska: mutane na kwana da yunwa, almajirai na yawo ba takalmi, 'yan gudun hijira sun cika gari, ku kuna ta kare da mage. Maganar tana da nauyi, kuma ɗan Adam yana gaba, babu mai musun haka a cikinmu. Amma abin da dabbobin nan ke ci ƙashi ne da ragowar da ba a ba mutum. Yaron da ya fi kowa haɗarin cizon mahaukacin kare kuwa shi ne wannan almajirin da ke bin lungu da dare da ƙoƙon bararsa, wanda in an cije shi babu mai biya masa kuɗin allurai, wataƙila ma ba zai gaya wa kowa ba. Musulmin da suka gabace mu ba su ga karo tsakanin abubuwan biyu ba. Masu tarihi sun ambaci cewa Sarkin Misira Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su, a garin da ke cike da waƙafan makarantu da asibitoci da wuraren shan ruwa.

Kano ta riga ta ga abin da bakinku ke iya yi. Lokacin da jama'a suka juya wa allurar shan-inna baya, ba ma'aikatan lafiya kaɗai suka dawo da su ba, sai da sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai suka tsaya a ƙofar gidaje, wasu suka fara ɗiga wa 'ya'yansu a gaban mutane, har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Abin da muke nema bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wancan aiki ba. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukar kare ta duniya, kuma hukumomin lafiya na duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke so a daina mutuwa da wannan cuta. Muna roƙon limamai su keɓe huɗuba ko karatu guda a makon don haƙƙin dabbobi, a faɗi hukuncin kare da na kyanwa cikakke, da haninsa da rangwamensa. Muna roƙon masu unguwanni su ba da ƙofar gidajensu na wuni ɗaya, a yi shela mafarauta da makiyaya da masu gadi su kawo karnukansu, a gayyato malaman dabbobi na ƙaramar hukuma su yi allura, mu kuma mu zo da igiyoyi da hannayen riƙewa. Maƙwabtanmu Kirista na Sabon Gari da sauran unguwanni, waɗanda da yawansu ke ajiye karnuka, a sanar da shugabanninsu su ma, domin cutar ba ta tambayar addinin wanda za ta kama.

Kafin wannan rana, idan aka kawo muku ƙarar karnuka, muna roƙo a kira malamin dabbobi ko a kira masu irin aikinmu kafin a sayo guba. Wanda ya haukace ko ya zama haɗari tabbatacce, likita ya san yadda zai kawar da shi ba tare da azaba ba, ba ma jayayya da hakan. Sauran kuwa a ba mu dama mu kama su. Duk mai unguwa ko limamin da ke son ganin wurin da idonsa kafin ya sa baki, ko ya aiko wakili, ƙofarmu a buɗe take kowace safiya, kuma za mu nuna masa katin allurar kowace dabba da ke jiran mai ɗauka.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya taimake ku a kan jagorancin jama'a.

Wassalam.

Ɗanku kuma ɗalibinku,
a madadin masu aikin sa-kai na wurin.